Na Ce Masa Da Sauƙi

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce 'yar Kano, shekaruna sun ɗan haura talatin, muna zaune da maigidana a wani ɗan gidan haya a saman bene a Germantown, jihar Maryland. Ina aiki a gidan rainon yara, wato in wuni ina share majinar 'ya'yan wasu, in dawo gidan da ko takalmin yaro ɗaya babu a bakin ƙofa. Mutane suna cewa ina da baki, ban kuma musa ba. In an taru suna ko walima a Manassas ni ce mai sa mata dariya har su riƙe ciki. Amma bakin nan nawa na waje ne. Abin da ya shafi jikina, ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba na iya faɗa, haka aka yi mini tarbiyya.

Maigidana mutumin Damagaram ne, yana aikin kwamfuta a wani ofis kusa da gida. A Toulouse ta Faransa ya yi karatu, can kuma ya kwaso ciwon zari-ruga, wasan nan da ƙarti ke danne juna a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda. Ni dai ban taɓa gane kansa ba. Nakan tsokane shi cewa dambe ne kawai aka sa masa riga da lamba, shi kuma ya yi ta yi mini bayani da hannuwa, rabi Hausa rabi Faransanci. Ranar Asabar yakan shiga Washington gidan wani abokinsa su yi kallo, ya dawo murya a dishe. Ban da wannan ba shi da wani abin shagala. Mutumin kirki ne, wallahi. Shekarun da muka yi babu haihuwa bai taɓa gaya mini maganar da ta sosa mini rai ba, ko da 'yan uwansa sun kira waya suna tambayar ko an samu ƙaruwa, sai ya juya zancen.

Mun je asibiti an yi gwaje-gwaje. Likitar, wata mace mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana, ta bayyana mana cewa hanyoyi biyu ne ƙwai ke bi zuwa mahaifa, ɗaya daga cikin nawa ta toshe, ɗayar kuma tana aiki amma da rauni. Ta ja mini kunne sosai cewa duk ranar da na ga ɓatan wata kada in jira, in zo a duba inda cikin ya zauna, domin mai irin matsalata ciki kan iya maƙalewa a hanya. Na ji, na kuma gane. Hanya ɗaya ke nan ta rage mini a duniya.

To akwai wani abu da ya taɓa faruwa. Shekara guda kafin nan al'adata ta yi jinkiri, na yi subutar baki na faɗa masa. Don murna bawan Allah nan bai iya riƙewa ba, kafin mako ya zagayo labari ya kai Damagaram, ya kai Kano. Ashe ba komai. Kunyar da na sha ba ta faɗuwa. Mahaifiyata ta kira ni ta yi mini faɗa, ta ce ina aka taɓa jin mace tana shelar cikin fari, ai shi ke nuna kansa, mace mai kunya ko an tambaye ta sunkuyar da kai take yi. Na rantse a raina ba zan sake ba.

Shi kuwa ya daɗe yana mafarkin kai ni Faransa a lokacin da manyan ƙasashen zari-ruga ke zuwa karawa da ita, wajen watan Nuwamba. A wannan shekarar ya samu hutu, ya samu tikitin wasa uku, ɗaya a Toulouse, ɗaya a Paris, na ƙarshe a Marseille, ya kuma cusa yawon buɗe ido a tsakaninsu har ba wurin numfashi. Ya ce tun da muka yi aure ban ga komai ba sai jirgin Metro da kantin sayayya, yanzu zan ga duniya. Ana saura 'yan kwanaki mu tashi na lura wata ya ɓata. Na sayo abin gwaji a kantin magani, na shiga banɗaki, layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro. Na yi sujada a kan tayil ina kuka. Sai kuma na zauna ina lissafi. In na je wurin likita dole ya sani, in ya sani zai fasa tafiyar da ya yi shekaru yana buri, in kuma abin ya sake zama ba komai fa? Na ce bari mu je mu dawo, ai mako biyu da ɗoriya ba wani abu ba ne. Na naɗe abin gwajin a leda na kai shi can kwandon sharar waje.

Tafiyar nan gudu ce tun daga filin jirgi. A Toulouse ya kai ni makarantarsu, ya nuna mini tagar ɗakin da ya zauna, muka sha iskar bakin kogi, muka wuce filin wasa. Ban taɓa ganinsa haka ba, kamar an zare masa shekara ashirin. Yana tsalle, yana rungumar Turawan da bai sani ba. Washegari jirgin ƙasa. Wannan gari mu kwana ɗaya, wancan mu wuni kawai, jaka a hannu, burodi a tsaye, ga tsohuwar fada, ga gidan tarihi, ga gada, ɗauki hoto mu wuce kada jirgi ya tafi ya bar mu. Ina tsokanarsa cewa ko mai gudun bashi bai kai mu sauri ba. Yana dariya, ni ma ina yi, amma tun a hanya na fara jin wani ɗan suka a marata ta gefen dama, gefen hanyar nan mai aiki.

A Paris na fara ganin jini kaɗan-kaɗan. Na lallashi kaina cewa na sha jin mata suna cewa ana yin haka a farkon ciki. Na dai ajiye salla. Da asuba ya idar da tasa, ya ga ban tashi ba, ya gane abin da duk miji Bahaushe zai gane. Na ga fuskarsa ta ɗan sauya, irin sauyin nan da na saba gani duk wata, sannan ya yi mini sannu, ya fita ya samo mini shayi mai zafi da maganin ciwo. Bai tambaya ba, don ba a tambayar wannan. Ni kuma na bar shi a haka. Na hau benayen shahararriyar hasumiyar ƙarfen nan tasu da ciwon, na zauna a filin wasa cikin sanyi da ciwon. Duk sanda ya juyo ya tambaye ni jiki, amsata ɗaya ce, da sauƙi.

Ranar wasan Marseille da safe muka hau wani tsauni da ake hango teku daga kansa. Kafin mu sauko kafaɗata ta dama ta ɗauki wani ciwo, na ɗauka jaka ce. Muna isa ƙofar filin wasa, cikin turereniyar mutane, sai na ji ƙasa tana juyawa, gumi mai sanyi ya karyo mini. Ya riƙe ni, wasu ma'aikata suka kai mu ɗakin ba da agajin gaggawa. Wata ma'aikaciyar jinya ta auna ni, ta ce jinina ya ɗan sauka. Ba ta jin Turanci sosai, ni ba na jin Faransanci, don haka shi ne tafinta. Ta yi wata tambaya tana shafa cikinta, ko ba a fassara mini ba na gane. Kafin in motsa ya amsa mata da kansa cewa a'a, al'ada nake yi. Matar ta dube ni. Ya Allah, girgiza kai kawai zan yi a lokacin, shi ke nan. Amma yaya zan ƙaryata mijina a gaban baƙuwa, in kuma faɗi cikin fari da bakina a ɗakin da maza ke shiga da fita? Na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini.

Ta ba ni ruwa mai sukari, ta sa na kwanta kaɗan. Daga sama muna jin filin ya ɗauki taken ƙasa, bango har rawa yake yi. Ina ganin maigidana yana satar kallon ƙofa. Matar ta ce ya tambaye ni yadda nake ji yanzu, in ciwon bai ragu ba za ta sa a kai ni asibiti. Ya durƙusa ya tambaye ni yaya jikin. Cikina kamar ana yanka shi, amma na ce masa da sauƙi. Ya juya ya gaya mata da Faransanci cewa na ce na samu sauƙi. Ta sallame mu.

Ban ga ƙarshen wasan ba. Abin da na iya tunawa shi ne bayan an dawo hutun rabin lokaci kowa ya miƙe yana ihu, ni ma na yunƙura in miƙe, sai duhu. Daga baya aka gaya mini cikin a hanya ya zauna, ya girma har ya fasa ta, jini ya cika mini ciki. Likitocin suka ce da an ƙara jinkiri kaɗan da gawata za a mayar gida. Sun ceci raina, amma dole suka cire hanyar. A bakin likita, a tsaye a barandar asibiti, cikin harshen da ba namu ba, maigidana ya fara jin cewa matarsa tana da ciki, a jumla ɗaya da jin cewa babu shi.

Da na farfaɗo na same shi zaune a gefen gado, har lokacin da gyalen ƙungiyar Faransa a wuyansa, idanunsa sun yi jajir. Ya tambaye ni jiki. Edita, ka san me bakina ya soma faɗa? Ga robobi a hannuna, ga ɗinki a cikina, amma kalmar nan ce ta taho. Ban ƙarasa ta ba ya sa tafin hannunsa ya rufe mini baki, ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ya roƙe ni don girman Allah kada in sake gaya masa wannan kalmar.

Da muka dawo Germantown na koma wurin likitata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini. Ta ce shi cikin ba mai rayuwa ba ne ko me aka yi, kada in ɗora wa kaina wannan. Amma da na zo a makon da na gani, da wataƙila allura kawai za a yi mini hanyar ta tsira. Mun gwada dashen ƙwai daga baya, Allah bai nufa ba.

Watanni muka yi muna zaune kamar baƙi a gida ɗaya. Ina jira ya tambaye ni dalilin da ya sa na ɓoye masa, bai tambaya ba. Wata ranar Asabar muna cikin mota a kan babbar hanya sai ya soma magana, idonsa a kan titi. Ya ce shi Bahaushe ne, ya san abin da da sauƙi ke nufi. Mahaifinsa ma da sauƙi ya ce masa a waya ranar da zai rasu. Ya ce a ɗakin nan ya ga leɓena sun yi fari, ya san ba sauƙin, amma yana jin taken ƙasa, sai ya fassara kalmar yadda take a baki, ba yadda ya san take ba. Na ce masa ni ma na san zai yi hakan, shi ya sa na faɗa. Haka muka ƙarasa gida. Tun daga ranar bai sake zuwa gidan abokin nan nasa kallo ba, ni kuma ban hana shi ba, ban kuma ce ya je ba.

Na yarda da ƙaddara, abin da Allah bai rubuta mini ba ba zan samu ba. Amma an gargaɗe ni, na ji da kunnena, na zaɓi kunya. 'Yan uwana mata, musamman mu da ke zaune a ƙasashen nan da babu uwa ko goggo kusa da za ta dubi idonki ta gane, ku ji ni. A gida in kin ce da sauƙi akwai mai karanta fuskarki. A nan abin da kika faɗa shi za a rubuta. Ki gaya wa mijinki, ki gaya wa likita, da sunan abin, ko da muryarki na rawa. Ku kuma maza, in matarka ta ce da sauƙi, ka sake dubanta kafin ka dubi ƙofa.

Muna tare har yanzu, mun manyanta, muna kuma tausayin juna. Har gobe ina aikin rainon yara. Kullum da safe yakan tambaye ni yaya na kwana, yaya jiki, ni kuma in gaya masa gaskiya dalla-dalla, ko ciwon kai ne ko gwiwa, shi kuma ya tsaya ya saurara har in gama. Yanzu na iya faɗar komai. Sai dai labarin da ya yi shekaru yana jiran ji daga bakina, sau ɗaya na samu damar ba shi, na kai shi kwandon shara.