Gwangwanin Madara da Muryar Baba

Mai Dalma ake ce masa, domin shekara arba'in ba a raba rigarsa da ƙaurin dalma ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne tsakanin tela da mai faci: teburi guda, kujera guda, rediyoyi marasa lafiya jere a kan kanta. Can sama akwai wani tsohon gwangwanin madara da ba ya bari kowa ya taɓa.

Yana ɗan shekara talatin, hannunsa na kan ganiyarsa, mahaifinsu ya kwanta ciwo. Yayarsa ta ce a ɗauki muryar Baba a kaset, ya faɗi asalinsu da sunayen kakanni, tunda babu wanda ya riƙe su sai shi. Rakoda akwai, amma makirufonta ya mutu, muryar tsohon kuma ta sirance kamar zare.

"Ni zan haɗa wani, Yaya," in ji Mai Dalma.

Ya samo takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ya ɗame ta kamar fatar ganga a kan wani ɗan faifan ƙarfe, ratar tsakaninsu ba ta fi kaurin gashi ba, ya ba su wutar batir. In an yi magana takardar ta yi rawa, rawar ta haifi sauti ɗan mitsitsi, sai an ƙara masa ƙarfi. Ya ciro taransista biyu daga wata matacciyar rediyo, ta farko ta karɓa, ta biyu ta ƙara. A bayan kalanda ya zana hanyar wayoyin da fensir, kwana uku yana sauya rizisto, 'yan abubuwan da ke daidaita ƙarfin wuta, har sautin ya daina shaƙewa. Ya cusa komai cikin gwangwanin madara. Da ya gwada, har ƙas-ƙas ɗin agogon bango ya fito a kaset.

Ana haka mijin yayarsa ya leƙo.

"Kai ƙanin mata, shayi za ka haɗa wa Baba? To ina sukarin?" Tela ya fashe da dariya ta bayan bango. Mijin Yaya ya ƙara da cewa, "Injiniya guda, da gwangwanin bola!"

Maganar ta soke shi. Ya je wurin kafinta aka yi masa akwati na katako, aka goge, aka shafa mai har yana ɗaukar ido, ya kwashe wayoyin daga gwangwani ya zuba a ciki. Ya sani sarai, domin wanda ya koya masa sana'a da ranƙwashi ya koya masa, cewa ƙarfen gwangwani shi ne garkuwar da ke tare gurnanin wutar lantarki, katako kuwa ba ya tare komai. Ya ce a ransa ai ba za ta kai ga haka ba.

Da hantsi aka taru a ɗakin Baba, fanka na juyawa, doguwar fitila na ci a saman gado. Tsohon ya shafa akwatin ya ce, "Aikin hannunka ne, ɗana? Madalla."

"Yanzu na ga injiniya," in ji mijin Yaya.

Abin saurare na kunne yana cikin aljihun Mai Dalma. Bai fito da shi ba, kada a ce yana shakkar aikinsa. Allurar rakoda mai nuna shigar sauti yake kallo, tana kuwa rawa. Baba ya yi magana kusan awa guda, yana hutawa yana ci gaba. Da ya gama ya ce, "Ku ajiye. Kada a kunna sai na tafi, ba na son jin kaina ina nishi."

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya.

Da masu ta'aziyya suka watse, dangi suka zauna a ɗakin, Yaya ta danna rakoda. Sai gurnani, ɓuuu, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Can ƙarƙashinsa wani na magana kamar daga gindin rijiya. Ashe ranar ɗaukar, gurnanin wutar bango allurar take yi wa rawa, ba muryar Baba ba.

"Ƙara murya," in ji Yaya. Gurnanin ne ya ƙaru.

Mijin Yaya ya sunkuyar da kai. "Wataƙila kaset ɗin ne ba shi da kyau."

Da ya yi masa ba'a, da ya fi sauƙi.

"Ba kaset ba ne," in ji Mai Dalma. "Ni ne."

Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kai da ke kusa da bakinsa, me ya ce sunan kakan kakanmu?"

Bai sani ba. Allura yake kallo. Kowa ma ya saki kunne, tunda ga na'ura tana riƙe musu. Suka haɗa abin da suka tuna, sunaye huɗu suka samu cikin tara.

Ya mayar da wayoyin cikin gwangwaninsu, har yau kuwa yana kama ƙas-ƙas ɗin agogo. Tun ranar bai ƙara miƙa wa kowa gyara ba sai ya sa kunnensa ya ji. Kaset ɗin yana wurin Yaya. Takan kunna shi jefi-jefi, ta ce tana gane tarin Baba a ciki. In ta ɗauko shi, Mai Dalma yakan tashi ya ce bari ya duba kekensa a waje.