Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Maigidana Bature ne, haifaffen nan Greensboro. A Jos muka haɗu, yana gyaran injina a wani asibitin mishan, ni kuma ina aiki a ɗakin wanki. Muka yi aure, muka haifi 'ya ɗaya, daga baya ya kawo mu garinsu. Duk zaman da muka yi ban taɓa kiran sunansa ba, domin abin da na ga uwata ta yi da ubana ke nan. Maigida nake ce masa. Yakan tsokane ni da karyayyiyar Hausarsa.

"Ki faɗa sau ɗaya mana. Ba zan gaya wa kowa ba."

"Ka manta sunanka ne, sai na tuna maka?"

Da ya yi ritaya sai ya shiga neman asalin kakanninsa, waɗanda suka ƙetaro teku daga Ingila. Tun da daɗewa cocin kowane ƙauye a Ingila yana rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. An ɗauki hotunan littattafan an sa a intanet. Da la'asar yakan zauna gaban kwamfuta kusa da taga, ya ƙara girman shafi, ya yi ta bin wani tsohon rubutu mai kama da tonon kaza. Ni ina gefe ina gyaran alayyafo.

Har tsofaffin wasiyyoyi akwai a intanet ɗin, su na fi so, kuma yakan fassara mini su. Wani kakansa ya bar wa ɗansa karsana da amyar zuma. Ya bar wa 'yarsa tukunyar tagulla, in ta yi aure da yardar uwarta. Matarsa kuwa ya bar mata ɗakin da ke kusa da murhu muddin ranta. Ban taɓa zuwa Ingila ba, saboda haka da ƙasar garinmu na gina ƙauyen a zuciyata. Na kafa cocinsu a gindin duwatsu irin namu, na sa yayyafi wanda ba ya ɗaukewa, na zaunar da tsohuwar nan tana jin ɗumi, ƙudan zuma suna kai da kawowa a bayan ɗaki. Wani lokaci alayyafon yakan yi yaushi a hannuna ina can.

A danginsu ɗan fari namiji sunan ubansa yake ci. Don haka sunan maigidana yana tafiya daga shafi zuwa shafi. In ya iske inda aka rubuta an binne mai sunan, sai ya yi dariya.

"Kin ji, an sake binne ni."

"Ka bari," nakan ce. "Baki shi ke yanka wuya."

Ya rasu lokacin da itatuwa suka fara fure. Kafin nan ya yi wa danginsa alkawarin karanta musu jerin kakannin a taron da suke yi duk shekara a garin Summerfield, kusa da ƙaramin cocin da aka binne iyayensu. Bayan 'yan watanni yayarsa ta kira ni a waya.

"Ƙanwata, ke za ki karanta," ta ce. "Ke kika zauna kusa da shi yana yi."

Na ce to. Sai da na buɗe takardun da ya buga na ga abin da na ɗauka. Sunan nan ne tun daga sama har ƙasa.

'Yata ta ce da Turanci, "Mama, suna ne kawai." Ban ga laifinta ba, a nan ta girma. Ranar Lahadi bayan sujada na kai maganar wurin wata dattijuwa a cocinmu, mutuniyar Kudancin Kaduna.

"Ki ce mai sunan maigida mana, kamar yadda muke yi a gida."

"Anti, ai dukansu masu sunan ne."

Ta yi dariya har tana share ido da bakin gyale. "Su kuma Turawan nan, sunaye sun ƙare musu ne?" Can ta kama hannuna. "Yi abin da za ki iya ɗauka, 'yata."

Na gwada a cikin mota, a wurin ajiye motoci na kantin da nake aiki a titin Wendover, gilasai a rufe. Sunan ya ƙi fitowa. In na ƙi karantawa, aikin da ya ba sauran ƙarfinsa zai tsaya a cikin kwamfuta. In na karanta kuma, zan saki abin da na riƙe masa tun ina amarya, a gaban jama'a, shi kuwa da ya roƙa ba ya nan ya ji.

Ranar taron an yanke ciyawa, ƙamshinta ya cika wurin. Dawaki suna kiwo a bayan shinge, yara suna guje-guje tsakanin kaburbura. Na miƙe da takardun. Na dubi layin farko, sai na ga mutumin nan mai karsana tsaye cikin yayyafi a ƙofar cocin da na gina masa. Ban san shi ba, bai taɓa cin tuwona ba. Na buɗe baki, sunan ya fito. Gajere ne ashe, ya fi yadda nake jin sa a ciki sauƙi.

Na ci gaba. Na kira wanda ya gaji amyar, da wanda ya rasa 'ya'ya a damina guda, da wanda ya shiga jirgin ruwa bai koma ba, da waɗanda suka noma taba a ƙasar da muke tsaye a kai. Muryata kamar ta wata ce. Ina kira suna wucewa ta gabana ɗaya bayan ɗaya, kowa da tafiyarsa, har na zo kan surukina.

Saura layi ɗaya. Shi ya buga shi da kansa, da shekarar haihuwarsa, ya bar fili a gaba. Na tsaya. 

"Sai maigidana," na ce da Turanci, na naɗe takardun.

Yayarsa ce ta kira sunan daga inda take zaune, a hankali, yadda take kiran sa suna yara. Wani tsoho ya ce amin, saura suka amsa.

A hanyar komawa 'yata ke tuƙi. Da muka yi nisa sai ta lalubo Hausarta.

"Mama, kin faɗa duka. Me ya sa ba na Baba ba?"

"Waɗancan sun shiga littafi," na ce. "Shi ban gama zama da shi ba."