Jan Layin Ƙarƙashin Gada

A unguwar da ke bayan layin dogo, in mota ta fara tari, ba a tambayar inda za a kai ta. Garejin Mai Sifana ake nufa, wata rumfar kwano da ramin duba mota ɗaya da bencin da baƙin mai ya cinye launinsa. Shekara talatin da huɗu yana nan. Mutum ne gajere, mai faɗa, wanda ba ya yarda a tsaya masa a ka yana aiki. Sifana mai lamba goma sha bakwai kuwa ba ta barin aljihunsa ko wurin ɗaurin aure, har marigayiya matarsa ta gaji da ɗinke masa aljihu ta ƙyale shi.

Amma da wani jan layi aka fi saninsa. Hanya ɗaya ce ke fita daga unguwar zuwa cikin gari, ta gangara ta bi ƙarƙashin gadar jirgi ta sake haurawa. Duk damina ruwa yakan taru a kwarin nan, direbobi su afka da ka, inji ya sha ruwa, a jawo masa gawar mota. Da abin ya ishe shi, sai ya bi motocin unguwa ɗaya bayan ɗaya da ma'auni yana duba tsayin inda kowace ke shaƙar iska. Ya ɗauki mafi ƙasa, ya rage taƙi guda, ya je ya ja layi da jan fenti a jikin ginshiƙin gadar. In ruwa bai kai layin ba, wuce. In ya taɓa shi, juya. Shekara ashirin layin bai ci amanar kowa ba, shi ma duk ƙarshen rani yakan je ya sabunta fentin.

Autarsa ta haddace wannan doka tun kafin ta iya ɗaura takalmi. Shi ya koya mata tuƙi, da tsawa da komai, ya kuma kafa mata sharaɗi biyu: ta duba layi, kuma kada ta taɓa waya tana riƙe da sitiyari. Ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya a wani asibiti da ke ƙetaren gadar, ta auri wani mai sayar da na'urorin sanyaya ɗaki, yaro mai ladabi wanda aibinsa ɗaya ne: yana son motarsa kamar shi ya haife ta.

Motar mai turbo ce, wato wata 'yar fanka da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji iska. Wata rana da tsakiyar rani surukin ya shigo gareji da kwali a hannu, ya durƙusa ya gaida tsohon, sannan ya buɗe. Dogon bututun ƙarfe ne mai sheƙi, da matatar iska mai siffar mazurari.

“Baba, so nake a cire akwatin iskan nan na kamfani, a sa wannan. Ƙasa za a saukar da ita, bayan bamba, inda iska ta fi sanyi.”

“Wanda ya ƙera motar mahaukaci ne da ya ɗora akwatin a sama?”

“A'a Baba, amma iska mai sanyi ta fi ba inji ƙarfi. Kai ma ka sani.”

Ya sani, shi ya ƙara ba shi haushi. Ya ce ba zai yi ba. Surukin ya sosa ƙeya ya ce to shi ke nan, akwai wasu samari a sabon garejin bakin titi, sun ce aikin minti arba'in ne, dama sun ce tsofaffin hannu ba su saba da irin wannan ba.

Da ya zage shi ma da ya fi sauƙi. Mai Sifana ya fizge kwalin. Ya kwana biyu a kan aikin, ya lanƙwasa bututun yadda ba zai goga komai ba, ya yi masa maɗauri da hannunsa, ya ɗaure kowane kilif har sai da ya gamsu. Gaskiya aikin ya yi kyau. Da aka tayar da motar, turbo ya yi wani siririn fito kamar butar shayi ta tafasa, tsohon ya ji daɗi a ransa, ya ɓoye.

Sai dai da ya kwanta ƙarƙashin motar ya gwada, bakin matatar bai wuce ƙaurinsa ba daga ƙasa.

“Saurara da kyau,” ya ce wa surukin, yana nuna shi da sifana. “Inji yana matse iska, amma ba ya matse ruwa. Kofi ɗaya ya shaƙa, ya mutu nan take. Kafin ruwan farko ka dawo da ita in mayar da akwatin. Ka ji ko?”

“Na ji, Baba. In sha Allahu.”

Ya ɗora tsohon akwatin a kan kanta, daidai inda idonsa zai riƙa faɗawa. Kullum ya ɗaga kai sai ya gan shi, baƙi, da baki a buɗe. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi. Sau biyu ya yi wa surukin magana, sau biyu aka ce masa mako mai zuwa. Da autar ta zo gaishe shi ran Asabar, maganar ta zo masa har baki ya haɗiye. A ganinsa zancen inji tsakanin maza ne, kuma ba ya so ta ji kamar yana kai ƙarar mijinta. Ranar ma yana dama jan fenti, ta tsaya tana yi masa dariya wai layin nan ya fi su gata.

Ruwan bai jira lokacinsa ba. Wata Talata da hantsi gari ya yi duhu kamar an rufe tukunya, iska ta kwashe kwalayen bakin gareji, aka tsuge. Mai Sifana ya ɗaga kai ya ga akwatin. Ya kira surukin.

“Kana ina? Kada ka kuskura ka fito da motar nan.”

“Ai ba na gari, Baba, tun jiya na bi jirgi. Motar tana gida. Na bar mata makulli. Yau aikin rana take.”

“Ka gaya mata?”

Surukin ya fara kame-kame. Mai Sifana ya kashe ya kira autar. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira, ta sake katsewa. Ba za ta ɗauka ba, ya sani, shi ya hana ta.

Bai rufe garejin ba. Ya fita cikin ruwan da gudun da gwiwoyinsa suka manta, takalmi ɗaya ya tsaya a kwata bai waiwaya ba. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da jak ya zame mota ta sauko masa a ƙirji. Yana kan gangaren ya hango kwarin ya cika da jan ruwa mai gudu, wata tasi ta ratsa ta haura lafiya. A bayanta wata farar mota ta rage gudu daidai ginshiƙin, kamar mai karanta wani abu. Sannan ya ji siririn fiton nan da ya ƙera da hannunsa.

Ya yi ihu, ruwan sama ya cinye muryar. Motar ta shiga a hankali, yadda ya koyar. A tsakiyar kwarin fiton ya yanke, aka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe sau ɗaya, shi ke nan.

Kafin ya isa, ruwan da ke kwararowa daga titunan sama ya fara ture motar gefe. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, gilashi ya ƙi sauka, yana ganin tafin hannunta a manne da shi. Ya laluba aljihu, sifanar tana nan. A bugu na uku gilashin ya watse, ya kamo ta ta hammata ya jawo, gilashi yana yankar hannuwansa bai ji ba. Ruwa ya ja su har ginshiƙin gadar, suka rungume shi, motar ta juya ta bugi bango.

Tana tari, ta ɗago ta dube shi. Babu fushi a fuskarta, mamaki ne kawai, kuma shi ya fi yi masa ciwo.

“Baba, na duba fa,” ta ce. “Wallahi na duba. Bai kai layinka ba.”

Ya juya ya dubi ginshiƙin. Layin yana nan dab da fuskarsu inda ruwan ya kwantar da su, ja wur da sabon fenti, kuma har yanzu da sauran yatsa biyu kafin ruwan ya taɓa shi.