Taku Arba'in Daga Turmi

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Madu, direban kamyon, babbar motar da ke ɗaukar tattasai daga bakin kogin Komadugu zuwa Damagaram. Sai da na ƙirga da yatsu sau biyu kafin in rubuta, don a jikina abin bai yi kama da shekara tara ba, bai kuma yi kama da jiya ba. Mutane na cewa zafin rashi yana lafawa a hankali. Ni nawa bai taɓa tashi ba balle ya lafa. Tun ranar ƙirjina yake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, a mintsine ta ba ta ji. Ina ci, ina sha, ina koyar da yara a lakol, kuma duk shekara in lokacin ya zagayo ina yin sadakar waina.

Da ba zan yi rubutun nan ba. Abin da ya sa shi ne, watan jiya Baba, mahaifinmu, ya ce in kai shi kabarin ɗansa. Bai taɓa zuwa ba. A duk danginmu ni kaɗai na tsaya a kan kabarin, ni kaɗai na san wurin, kuma shekara tara ina faɗin haka da ƙarfin gwiwa.

Wanda bai bi hanyarmu a waɗancan shekarun ba, sai na yi masa ɗan bayani. Gudron ɗin, wato kwaltar da ta tashi daga Diffa ta yi yamma, a wasu wuraren suna ne kawai ya rage. Duwatsun kilomita sun farfashe, waɗanda suka saura rana ta cinye lambarsu. Don haka direbobi suka daina ƙirga hanya da kilomita, suka koma ƙirga ta da ramuka. Kowane babban rami da sunansa. Akwai Ramin Ɗan Gure, inda wani bawan Allah ya bar ƙafar motarsa ta baya. Akwai Sallama, don a nan dole kowa ya rage gudu har ya gaisa da na gefensa. Akwai kuma Turmi, tsakanin Maine da Diffa, wanda in ka shige shi da kaya sai ya daka ka. In mota ta lalace, direba ba ya cewa ina kilomita kaza. Cewa yake na ɗan wuce Turmi, kuma makaniki ya zo ya same shi ba ɓata.

Madu ya tsani Turmi kamar wani mutum da suka yi faɗa. Duk dawowa sai ya zage shi a kan tabarmar cin abinci, sannan ya juyo kaina.

“Mushe,” haka yake kirana don tsokana, kamar yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, tun da na fara koyarwa, “wai Faransancin nan naka na mene ne, in ba zai cike rami ɗaya ba? Rubuta musu takarda mana.”

Ban taɓa rubutawa ba. Shi ma bai taɓa sa rai zan rubuta ba.

Babban burinsa ma ba gudron ba ne, layin dogo ne. Baba a ƙuruciyarsa ya kora shanu har Nguru, ya ga an loda su a jirgin ƙasa, kuma ya ba mu labarin sau ba adadi. Madu bai taɓa shiga jirgi ba, amma ya fi Baba iya labarin. Yakan ce ranar da dogo ya iso Diffa, tattasan kwarin nan zai kwana ɗaya ya wayi gari a Kano bai sha rana a hanya ba, shi kuma zai sayar da mota ya koma gadin tasha. Motar ma ba tasa ba ce, ta ubangidansa ce, amma ba mai tuna masa.

Sai rikici ya zo. Ba sai na maimaita wa mutanen jihar nan abin da suka gani da idonsu ba. Aka rufe mashigin kogi, aka hana babur, kasuwar tattasai ta tsaya cik na wani lokaci. Aka rufe lakol ɗin ƙauyenmu, muka kwaso Baba muka dawo cikin Diffa. Da aka ɗan sassauta, kayan da a da ke tsallaka ruwa cikin yini guda sai sun yi zagaye ta Damagaram. Ni ba aiki, zaman gida ya ishe ni, sai na riƙa bin Madu a gidan gaba.

Ranar muna dawowa ne da buhunan gero, bayan kwana shida a tafiya. La'asar ta yi, kuma Madu na sauri don mu kai bariya, shingen shiga gari, kafin a rufe, don ba mai son dare ya same shi a waje. A Turmi al'adar direbobi ita ce a sauka daga gudron ta hannun arewa, a bi sawun da motoci suka yi a yashi, a sake hawa a gaba. Hannun Madu ya san wannan ko da barci yake. Ya karya kan motar zai sauka, sai muka ga bukkokin zana a kan sawun. Cikin kwana shidan nan mutanen wani gari daga tsallaken kogi sun gudo sun zauna a nan, don bakin gudron ne kaɗai wurin da suke ganin sojoji na wucewa. Wata mata na tankaɗe a tsakiyar hanyar tasa. Madu ya mayar da kan motar kan gudron, muka shiga Turmi da gudu da cikakken kaya.

Ni hannu na karya. Shi kuwa kafin mutanen su ciro shi rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa.

Washegari muka jira mota har hantsi, ba wadda ta wuce. Aka ce an yi wani abu a gaba, an rufe hanya, ba wanda ya san ranar buɗewa. Bazara ce. Dattijon mutanen, wanda suke kira Bulama, ya durƙusa kusa da ni.

“Malam, ka yi haƙuri. Zafin nan ba zai jira hanya ba.”

Da ruwan jarkokinsu na sha suka yi masa wanka. Wani tsoho ya kwance ƙullin kayansa ya fito da likkafanin da ya tanadar wa kansa, wanda ya gudo da shi ya bar akuyoyinsa. Ko maƙabarta ba su kai ga buɗewa ba, Madu ne na farko. Na tsaya ina kallo kamar jana'izar wani ake yi. Ban yi kuka ba, kuma ba jarumta ba ce, kukan ne bai zo ba.

Da aka gama, Bulama ya ce a nemo abin da za a yi alama. Suka sa ƙaya da wani guntun ƙarfe daga motar. Ni kuma, mai ilimin boko, na ce kada su wahalar da kansu. Ƙarfe za a ɗauke, itace za a sare a yi girki, yashi kuwa tafiya yake. Na je bakin Turmi na juya arewa na taka, hannuna a ɗaure da rawani: taku arba'in cif. Ramin nan ya girmi aikina na koyarwa. Da na dawo gida na faɗa wa Baba, na faɗa wa direbobin da suka zo gaisuwa, kowannensu ya gyaɗa kai ya ce alama ta yi. Cikin mu duka ba wanda ya kawo a ransa cewa rami na iya gushewa.

A shekarun farko tsayawa a bakin hanya neman fitina ne, ga bayan Baba ba ya ɗaukar jijjiga. Daga baya aka ba ni aji a cikin gari, na daina tafiya. Da na ji ana gyaran wancan yanki na hanya, na yi murna kamar kowa. Har na ce Allah sarki Madu, bai ga wannan ba. Wallahi tunanina bai wuce nan ba. Na ga katafila na wucewa ta gari, na ji masu shigowa na yabon gudron, kwanyata ba ta haɗa ɗaya da biyu ba. Sai ranar da Baba ya idar da salla ya ce, “Bukar, an ce yanzu hanya ta yi laushi. Bayana zai iya. Ka kai ni wurin yayanka tun ina gani.” A nan ne na tuna da Turmi, amma na ce to.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta tambayar kaina abin da Madu zai ce da yau. Zai ga motar fasinja ta tashi da safe ta isa da sauran rana, mace mai ciki ta sauka ba a riƙe ta ba. Zai ga buhun tattasai ya isa bai yage ba. Zai kuma yi tsaki, don gyaran bai kai ko'ina ba, kuma ƙauyukan bakin kogi da ake noman tattasan har yau hanyarsu sawun yashi ne, wasu ma ba mutane. In ya ji rediyo na maganar dogo daga Kano zuwa Maraɗi, na san zai ce Maraɗi ina, Diffa ina, sannan ya kwana yana lissafin garuruwan da za a bi a iso mu. Da za a tambaye shi ya zaɓa tsakanin a cike Turmi da a san kabarinsa, ba zai ɓata lokaci ba, cewa zai yi a cike. Na san wannan sarai, kuma saninsa bai rage mini komai ba.

Ari, abokin Madu tun suna koyon tuƙi, shi ya ɗauke mu da safe a ƙaramar motarsa ta fasinja. Baba a gaba, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Hanya baƙa wul, sumul, da farin layi a tsakiya. An ɗaga ta, an faɗaɗa ta, an zuba jar ƙasa a gefe. Bukkokin babu su, mutanen Bulama sun daɗe da tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Ba ƙaya, ba ƙarfe, ba itace. Yashi ne da tumfafiya hagu da dama, ko'ina iri ɗaya. Ari ya kai ƙarshe ya juyo, ya sake komawa. A zuwa na uku ya tsaya ya kashe mota.

“Mushe,” ya ce da ni a hankali, “tsakanin wancan ƙarfen tarho da kwanar can yake. Wannan zan iya rantsuwa a kai. Fiye da haka ban sani ba.”

Tsakanin wuraren biyu tafiya ce mai tsawo ko ga mai lafiya. Baba bai juyo ba, ya ce, “Ina ne, Bukar?”

Na yi niyyar nuna wani wuri in ce nan ne. Wa zai ƙaryata ni? Har na ɗaga hannu. Sai na sauke.

“Baba, ban sani ba. Da ramin na yi alama, kuma an cike ramin.”

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tambaya ɗaya ya yi, wane gefe. Na ce arewa. Ya ce Ari ya mayar da mu wurin ƙarfen tarhon, ya buɗe ƙofa ya sauka da sandarsa. Ya sa na ƙirga taku arba'in daga bakin gudron zuwa cikin yashi, ya biyo ni. Daga nan ya juya ya kama tafiya, hanya na gefensa, yana nufin kwanar.

Kowane 'yan taku sai ya tsaya, ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, ya kira sunan Madu, ya yi addu'a gajera, ya ci gaba. Ari ya roƙe shi ya shiga mota a riƙa tafiya a hankali, ya ɗaga masa hannu kawai. Rana ta take. Sau uku yana zama a ƙasa, ina ba shi ruwa, yana kama kafaɗata ya miƙe. Manyan motoci na wucewa a guje, ba mai rage gudu, don babu dalilin ragewa kuma. Ina bin Baba a baya ina cewa amin, ina jiran a ƙarshe in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Ƙafafuna kawai na ji suna zafi.

In aka ce in auna abin da ya rage na Madu, ba shi da yawa. Motar an sayar da ita a ƙarfe. Sunayen ramukan sun fara fita daga bakin direbobi, sababbin ma ba su taɓa jin su ba, kuma haka ya kamata. Akwai wata mata a wani wuri, in tana raye, wadda ta gama tankaɗenta ran nan saboda shi, kuma ba ta san sunansa ba. Sai tsohon da ya haife shi, wanda azahar ta yi masa a cikin yashi.

Da muka kai kwanar, Baba ya zauna a kan jar ƙasar gefen hanya, rigarsa ta jiƙe, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya daɗe yana kallon sawunmu da ya miƙe a baya har inda ido ya ƙare.

“Bukar, cikin tafiyar nan dai mun bi ta kansa ko?”

“Mun bi, Baba.”

“To, ya ji ni,” ya ce. “Kama ni mu tafi gida.”