Baba Kefas, Mai Haƙar Dankali Ba Sara

Har zuwa bara, in ka bi fadamar bayan Samaru da hantsi lokacin haƙar dankali, za ka tarar da Baba Kefas durƙushe a gefen kunya. Sai ya yanke yaɗon, ya sassauta ƙasa da fartanya daga nesa, sannan ya ajiye ta ya sa yatsu. Haka yake zaro dankali ko ƙwarzane babu. Abokan aiki na masa tsiya wai jego yake wa dankalin, shi kuwa ko a jikinsa.

Akwai abin da ba a son faɗa, ni kuwa sai na faɗa. A al'adar 'yan haƙa, duk dankalin da fartanya ta sara nasu ne, tunda ruɓewa zai yi kafin a sayar. Shi ya sa hannun wasu ke yawan kuskure, kuskuren kuma ba ya faɗa wa ƙananan dankali.

Shekarar da mijin Kaltume ta Jushi ya kwanta jinya, gonarsu ta dankali ce kaɗai madogararsu. Ranar haƙa Kefas ya ga tulin sararre na neman fin lafiyayye, ya yi magana. Shugaban 'yan haƙa ya ce ko ya yi yadda ake yi, ko ya daina bin su gonar kowa. Manoma kuwa ƙungiya suke kira, ba mutum ɗaya ba, don haka kora yunwa ce a gidansa.

Kefas ya ce, "To ku tafi. Ba zan sari abincin majinyaci in kai wa 'ya'yana ba."

Suka watse suka bar shi. Shi kaɗai ya ƙarasa gonar har yatsunsa suka tsattsage. Kaltume ta ce da kuɗin dankalin nan aka sayi magani. Shi kuma ya ƙare kakar yana dako a kasuwar Sabon Gari. Ƙungiyar ba ta mayar da shi ba, shi ma bai roƙa ba. Daga baya masu gona suka riƙa nemansa shi kaɗai.

Bana ciwon baya ya ce a huta. Baba Kefas, kai ne ka ƙi, ranar da ƙin ya fi tsada. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma matasa, in hannu zai yi kuskure, ku fara duba gidan mai gonar.