Fataka Mai Huda

Ko na manta da komai na zamana a Kubwa, ba zan manta da wata Asabar da na tsaya a rumfar wani maƙerin azurfa a Zuba ba. Shekaru sun ja, amma har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji zuciyata ta hau tafasa. Haushin mutum biyu nake ji, yayana da ni kaina, kuma har gobe ban tantance wanda ya fi ba ni haushi ba.

Lokacin mulki bai daɗe da dawowa hannun farar hula ba. Kuɗi sun fara yawo a Abuja, wayar salula ta shigo, duk wanda ka taɓa sai ya ce maka kwangila yake bi. Ni kuwa ƙaramar ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, kullum in bi bas daga Kubwa zuwa cikin gari in dawo a gajiye. A ofishinmu akwai wani dattijo mutumin Filato, ya kusa ritaya, Baba muke ce masa. Shi ba ruwansa da kwangila, abin da ya ɗauke masa hankali tsofaffin kuɗi ne. Wata rana ya buɗe mini akwatinsa, na ga anini da kobo mai huda da taro da sisi da sule, kowanne a cikin 'yar ambulan ɗinsa. Daga ranar na kamu.

Baba ya koya mini abubuwa da yawa. Kada a wanke tsohon kuɗi ko da ya yi baƙi ƙirin, wankin nan shi ke kashe shi. A kama shi ta gefe, ban da fuska. A ajiye shi a takarda, ban da leda, kuma nesa da laima. Ya nuna mini yadda ake gane azurfa: a ɗora kuɗin a kan yatsa a ɗan ƙwanƙwasa, azurfa takan ja amo mai tsawo, sauran ƙarafa kuwa amonsu nan take yake mutuwa. Cikin wata uku na tara kusan guda arba'in, na fara jin kaina wata gwana. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma a lokacin wa zai gaya mini in ji?

To, ina da wata fataka, wato kuɗin sule biyu na zamanin Turawa, ta azurfa, mai hoton bishiyar kwakwa a bayanta. Ba saye na yi ba. Tana cikin sadakin kakata, ita ce kaɗai ba ta kashe ba. Ta sa aka huda ta, ta zura mata baƙin zare, ranar da za a kai Innarmu ɗaki ta rataya mata a wuya. Inna ta yi shekara da shekaru da ita a ƙarƙashin riga har fuskar ta goge. Ana saura kwana uku ta rasu ta cire ta damƙa mini, ta ce, "Ranar da za a kai 'yarki ɗaki, ki rataya mata." Lokacin 'yata tana shekara biyar.

Da na shiga harkar tara kuɗi, sai na tsinke zaren nan, wai kada ya ci ƙarfen, na ɗauki fatakar na kai wa Baba. A raina ina jiran ya ce na riƙe dukiya. Ya duba ta da gilashinsa, ya ƙwanƙwasa, ya ce da irin Hausarsa, "Madam, azurfa ne, babu shakka. Amma huda ya kashe shi, fuska kuma ya goge. A wurin masu tarawa ba shi da daraja, sai dai nauyin azurfan. Daga ina kika samu?"

Na ce, "Daga gida," ban faɗa masa daga wuyan Inna ta fito ba, don na ji kunya. Da na koma Kubwa na sa ta a ambulan, na rubuta a jiki da hannuna: azurfa, mai huda, ba daraja. Na jefa ta a layin ƙarshe. Tarin nawa kuwa a kabad ɗin gilashi na falo na jera shi, tsakanin kofuna da farantai, don duk baƙon da ya shigo ya gani ya tambaya in yi masa lacca.

Ana cikin haka yayana ya zo daga gida ya sauka a wurinmu. Magidanci ne da iyalinsa, ya bar shagonsa ya taho neman kwangila. Kullum da safe ya sa babbar riga ya tafi zaman jiran wani babban darakta da yake kira oga, da yamma ya dawo da labarin an ce gobe. Wata Lahadi ya ga tarin kuɗin nawa a kabad, ni kuwa kamar jira nake. Na zazzage masa ilimina kaf, har na koya masa jin amon azurfa. Ya ɗauki fatakar ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Wannan fa?"

Na taɓe baki na ce, "Wannan ai ba ta da daraja, Yaya, sai dai nauyin azurfarta." Maganar Baba na kwashe na maimaita don a ce na sani. Ban ce masa ta Inna ce ba. Shi kuma bai gane ta ba, tunda babu zaren, kuma Inna ba ta cika fito da ita waje ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya, wajen ƙarfe goma na safe, na buɗe kabad zan saka wani sisi da na samo, sai na ga ambulan ɗin ƙarshe a buɗe, babu komai a ciki. Na kira Yaya a waya, ya ɗauka yana dariya.

Ya ce, "Ai ni na ɗauka. Wadda kika ce ba ta da amfani ce. Jiya na kai wa maƙeri a Zuba, zobe zai yi wa oga. Kin san manya ba sa son azurfar kanti, tsohon kuɗi shi ne azurfar gaske."

Na ce, "Yaya, fatakar Inna ce. Ta wuyanta."

Na tambayi inda rumfar take, na fizgi mayafina na fita. Ban san yadda na isa Zuba ba. Na ratsa ta tsakanin motocin lemo da ayaba, ina taka ɓawo ina zamewa, ina addu'ar Allah ya sa maƙerin nan malalaci ne. Ashe ba malalaci ba ne. Na same shi zaune, wani tsoho mai farin gemu, yana goge wani faffaɗan zobe, saura a ɗora masa dutse. Yaya ya riga ni zuwa, yana tsaye a gefe.

Na ce, "Malam, ina fatakar?"

Ya ɗaga zoben ya ce, "Ga ta nan, Hajiya." Da ya ga fuskata sai ya ajiye abin gugarsa. "Wallahi da na ga hudar na san daga wuyan wata ta fito. Na tambaya, aka ce mini mai ita ta ce ba ta da daraja. Da an ce gado ne, ba zan kai ta wuta ba."

Tun da nake ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, amma ranar na manta da girma. Na ce masa ya shiga gidana ya buɗe mini kabad ya ɗauki abin da ba nasa ba, ko tambaya babu. Na ce ya narkar da sadakin kakarmu don a buɗe masa ƙofar ofis. Na ce abin da Inna ta riƙe tsawon rayuwarta, ko lokacin da muke kwana da yunwa ba ta sayar ba, shi ya kasa barinsa mako ɗaya. Masu rumfunan kusa suka fara leƙowa, ban damu ba.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Na yi laifi da ban tambaya ba. Amma wa ya rubuta ba daraja a jikin takardar? Ni ne?"

Ba ƙarya ya yi ba. Da a nan ya tsaya, wataƙila da mun rabu da sauran mutunci. Sai ya sassauta murya ya ce, "To, tunda aikin gama ya gama, ki bari in kai masa. Na riga na yi alkawari. In kwangilar ta fito, irinta goma zan sayo miki."

Irinta goma. Wannan maganar ce har yau ban gama yafewa ba. Da na buɗe baki, da na faɗi abin da zai raba mu har abada. Na karɓi zoben daga hannun maƙerin, na biya shi ladan aikinsa, na ƙulle a gefen mayafina na juya. Washegari Yaya ya kwashe kayansa ya koma wurin wani abokinsa. Sai da muka yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kwangilar kuwa ba ta taɓa fitowa ba.

Ranar Litinin na ba Baba labari, har da ɗan ɗora masa laifi. Ya girgiza kai ya ce, "Madam, na tambaye ki daga ina, kika ce daga gida. Ni kuɗin kasuwa na faɗa miki. Wanda uwarki ya sa a wuya, ni wane ne da zan yi masa farashi?"

Ban daina tara tsofaffin kuɗi ba, amma na kwashe su daga falo, suna cikin akwati da makulli. Kuma kowace ambulan, kafin in rubuta irin ƙarfen ko abin da masu saye za su biya, sai na fara rubuta daga hannun wa ta fito. Na koyi cewa idan ka raina abinka da bakinka, kai ka ba wani izinin ya wulaƙanta shi. Bara aka kai 'yata ɗaki, na cika wa Inna alkawari iyakar yadda zan iya. Kakata fataka ta rataya wa Inna, Inna fataka ta damƙa mini. Ni kuwa abin da na zura wa baƙin zare na rataya wa 'yata zoben namiji ne, wanda aka yi daidai da yatsan wani mutum da ban taɓa gani ba.