Baba Mai-riƙo da Karen Auta

Ƙarshen watan nan Baba Mai-riƙo zai ajiye aiki a asibitin dabbobi na unguwarmu, kuma gidaje da yawa za su ji a jikinsu. Nawa ne na farko.

Idan ka ce masa likita sai ya yi dariya: "Ni mai riƙe ƙafa ne, likita ya yi allura." Tun ina saurayi nake ganinsa da sassafe yana wanke teburin ƙarfe, ya goge sikeli, ya fito bakin ƙofa yana gaida dabba kafin ya gaida mai ita.

Autata tana da farfaɗiya. Karen da muka kawo don gadi shi ya koya wa kansa wani aiki: kafin ciwon ya kayar da ita, sai ya ja bakin siket ɗinta, ya yi ta haushi har uwarta ta fito. Da shi nake samun natsuwar fita nema.

Sai cikinsa ya lalace. Yau zawo, gobe ya kasa kashi, ciki na ƙugi, haƙarƙari duk a waje. Likita ya auna, ya ce ba tsutsa ba ce, hanjinsa ne ba ya son wargi, kuma ba a warkewa, sai dai lallaɓawa. Ya ce dafaffiyar shinkafa da tsokar kaza, ban da mai. Muka bi, ba sauƙi. Matata ta gaji da wanke tsakar gida, ni kuma na rasa barci.

Ran nan da rana sai ga Baba a kan kekensa, ba wanda ya kira shi. Bai taɓa karen ba. Ya zauna a kujera yana kallonmu muna cin abinci, har mahaifiyata ta saki hannu ƙasa a hankali wajen karen.

"Inna, me kika ba shi?"

"Fatar kaza ce, ladansa," in ji ta. "Mai gadin jikata zai ci gayan shinkafa kamar ɗan fursuna?"

"Gaskiyarki, Inna. Ladan na nan, kuma ke kaɗai za ki riƙa ba shi. Amma ni zan zaɓa."

Washegari ya kawo mata dafaffiyar kabewa an yanka ƙanana. Har yau ita ke ba shi, tana cika baki.

Baba, kai ne ka koya mana mu ba shi kaɗan-kaɗan a kan lokaci, kada mu sauya masa abinci farat ɗaya. Kai ka lura duk ranar da Auta ta faɗi, cikin karen ma sai ya juya, ka ce a bar shi ya kwanta kusa da ita, ban da hayaniya. Maigadin makaranta da mai gidan burodi sun ba ni irin labarin nan a kan nasu karnukan. Mai sanyin hannu, mun gode. Allah ya ba gwiwoyinka lafiya. Masu tasowa a aikin nan, ku riƙa leƙa gidajen mutane kamar yadda ya yi.

Jiya Auta ta tambayi Baba wa zai riƙe mata karenta idan cikin ya tashi. Ya shafa kan karen, wanda bakinsa ya fara furfura. Ni dai ban san wa zai riƙe shi ba.